Muryar Da Ke Cikin Hon

Ranar wata Alhamis ce, rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu, iskar kudu da ta wuni tana wahalar da shanyar matan unguwarmu Grassy Park ta gaji ta kwanta. Layinmu ya yi tsit irin na gab da magariba. Ba ka jin komai sai ƙarar ludayi a tukunya, da takun tsofaffi masu tafiya masallaci a hankali. A daidai wannan lokacin da kowane mai hankali yake kora 'ya'yansa cikin gida, injin motar Boeta Sedick Kamaldien ya yi tari sau biyu, ya feso baƙin hayaƙi, ya tashi.

Katanga ɗaya ce tsakanina da su shekara talatin da ɗaya, don haka ba labari aka ba ni ba. Shekara shida cur ina shan bugun guduma saboda motar nan. Gingimarin soja ce ta zamanin yaƙin duniya na biyu, irin wadda mahaifinsa ya tuƙa a hamadar arewa lokacin da aka ɗebi mazanmu aikin direba. Sedick ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga bodin motocin mutane a unguwar Salt River. Da ya ajiye aiki, maimakon ya kama carbi kamar sa'o'insa, sai ya shiga ƙungiyar waɗansu tsofaffi, yawancinsu Turawan Boer, waɗanda ba su da abin yi sai tono gawarwakin motocin yaƙi suna tayar da su. Duk Asabar su taru a tsakar gidansa suna gardama kan ko koren fentin ya cika duhu, kai ka ce da shi za a yi musu hisabi.

Matarsa Galiema ta leƙo ta tagar kicin, ludayi a hannu.

"Sedick! Magariba fa ta kawo jiki. Kashe mana wannan jarabar."

"Ke dai ba ki san daɗi ba," in ji shi, yana dariya har da hawaye. "Shekara sittin bakinta a rufe, yau ta yi magana ki ce ta yi shiru?"

Ɗiyarsu Shamiela tana tsaye a bakin ƙofar baya, ko fararen kayan aikin asibiti ba ta cire ba. Ita kaɗai Allah ya ba su, shekararta ashirin da huɗu, ita ce kuma mai ɗaure wa uban gindi a duk shirmensa.

"Boeya, a danna mana hon mu ji mana," ta ce da ubanta, don haka ake kiran uba a wurinmu. "Ko tsohuwar bebiya ce?"

Ya danna. Ƙarar ta fito doguwa, ta bi layin, ta dawo. Karnukan unguwa ba su yi haushi ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon gidan, ƙwal, ya gangara a hankali ya faɗi gaban Sedick. Wani ya biyo shi. Daga nan sai suka yi ta zuba kamar ƙanƙara, a kan rufinsu kaɗai, ko ɗaya bai taɓa nawa ba. Shamiela tana cikin dariya abin ya same ta. Bakinta a buɗe, kafaɗunta suna rawa, amma babu sauti. Ta kama maƙogwaronta da hannu biyu, ta dubi uwarta, a lokacin ladan ya ɗaga murya.

Sun zaga da ita wurin likitoci, har waɗanda take aiki a ƙarƙashinsu. Aka leƙa maƙogwaro, aka ɗauki hoton kai, aka ce lafiyarta ƙalau, wataƙila gajiya ce. Ta dawo gida da ɗan littafi da biro, da su take neman ruwa, da su take lallashin uwarta. Jifan kuwa bai fasa ba. Kullum in rana ta yi ja, sai ya fara, in an sallame sallar magariba ya ɗauke. Tsakanin nan, in ka kasa kunne, za ka ji wata mace a ƙarƙashin motar tana rarrashin jariri da wata waƙa marar kalmomi. Na leƙa ta kan katanga sau ɗaya, ban ga komai ba sai ɗigon baƙin mai a siminti, ban sake leƙawa ba.

Ba duwatsu ake jifan su da su ba. Notoci ne da ƙusoshi, duk tsatsa ta ci su. Sedick yakan share su da safe ya zuba a bokiti, kuma tun ranar farko ya gane su, ya ja bakinsa ya yi gum. Masu wannan harka ba sa tayar da mota ɗaya sai sun yi wa wata fiɗa. A wata gonar tumaki da ke can bayan garin Sutherland, cikin busasshen yankin Karoo, ya tarar da motocin nan guda biyu kwance gefe da gefe a bayan garke. Ya sayi mai dama-dama, mai gonar ya ce ɗayar kuma ya kwashi abin da yake so, ko rand ɗaya ba ya buƙata. Kwana biyu ya yi a kanta da sufana da zarto. Ya cire ƙofofi da gilashi, ya cire fitilu, ya cire sifirin da ƙafafun gaba, ya cire hon. Notin da ya ƙi kwancewa ya datse shi ya yar a ƙasa. Su ne yanzu suke sauka a kan rufinsa, daga tafiyar awa biyar.

Namiji in damuwa ta yi masa yawa, abin da hannunsa ya sani yake komawa. Alhamis ta zagayo, Sedick ya kasa zama ya kalli ɗiyarsa tana rubuta "ba komai, Boeya" a takarda, sai ya fita ya kama haɗa wayoyin fitilu. Duhu ya fara sauka, ya murɗa makunni, fitilun biyu suka kawo rawaya a jikin katangata. A cikin falo Shamiela ta ajiye biro. Ta miƙa hannu tana lalube iska, idanunta a buɗe tar, tana neman fuskar uwarta da ke zaune dab da ita.

Galiema ba sakarya ba ce. Ta ce motar nan ba za ta sake ganin wata Alhamis a gidanta ba, ko ita ko motar. Sedick bai yi musu ba. Ya roƙi abokinsa na ƙungiya, Oom Frikkie, ya ba shi wuri a filinsa, ya tayar da injin da hantsi, ya saka giya. Tayoyin gaba suna tsallake bakin ƙofar gida, muka ji faɗuwar abu a banɗaki. Shamiela ce. Ƙafafunta sun saki, sun zama kamar tsumma. Da hannu maza shida suka turo motar ta koma mazauninta, ba wanda ya yarda a sake taɓa makullin.

Ban taɓa ganin Galiema kamar ran nan ba. Ta kwantar da ɗiyarta, ta gyara mata mayafi, ta fito. Ta shiga gareji ta ɗauko babbar gudumar mijin, ta nufi fitilar hagu.

"Galiema, don Allah..."

"Matsa, Sedick. Wallahi ko kai ne fitilar sai na fasa ka."

Ya riƙo hannunta, gudumar ta goce, bakinta ya ɗan goga gilashin, ƙas. Ni ina ɗaki wurin yarinyar. Ta zabura daga kwance, ta dafe idonta na hagu, bakinta ya wage da ihun da babu shi, jini ya ziraro tsakanin yatsunta. Na ƙwalla wa uwar kira. Ta shigo, ta gani, gudumar ta suɓuce daga hannunta. Daga ranar Galiema da kanta take lulluɓe motar da tamfol, tana tsine mata tana lulluɓewa, don kada ko tsuntsu ya taɓa ta.

Ni na ce a nemo Imam Toyer na Macassar. Tsohon tela ne, ɗan firit, kunnensa ɗaya ya mutu, amma duk wanda iska ta taɓa a yankin nan ya san ƙofarsa. Ya iso bayan la'asar ranar Alhamis ta uku, da 'yar jakarsa ta leda. Bai fara shiga ɗaki ba. Ya ɗaga tamfol, ya zagaya motar sau ɗaya yana jan ƙafa, ya tsaya a gabanta ya yi mata sallama kamar mai shiga gidan surukai.

"Kyakkyawa ce," ya ce da Sedick. "Ta wa ce?"

"Tawa ce, Imam. Ina da takardu."

"Takardu. To, madalla. Ka nuna wa mai jifan."

Aka shimfiɗa tabarma a falo, aka kwantar da Shamiela. Uwarta ta ɗora kanta a cinya, ni na riƙe ƙafafun, Sedick ya tsuguna a bakin ƙofa. Imam ya zuba turaren miang a garwashi, ya kama babban yatsan hannunta, ya fara karatu. Muryarsa ƙarama ce, ba ya gaggawa. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka. Jifa ya fara a kan kwano, ya yi ƙarfin da bai taɓa yi ba, har ƙura tana zubo mana daga silin. Imam bai ɗaga kai ba. Ya kai ƙarshen aya ya koma farkonta, ya sake komawa. Sai jifan ya ɗauke lokaci ɗaya, ƙafafun da suka mutu suka motsa a hannuna, sanyinsu ya ratsa ni har gwiwar hannu.

Shamiela ta tashi zaune. Idanun makanta suka juya, suka tsaya cak a kan ubanta.

"Ya isa, tela," in ji wata murya daga bakinta, muryar mace babba, busasshiya. "Kana ƙona ni a banza. Ba gudu zan yi ba."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Sunana ba abin ba ka ba ne. Tambayi ɓarawon can inda ya san ni."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka yin sallah."

"To me ya haɗa ki da ɗiyar mutane?"

Da ta fara magana, a hankali ta yi ta, ba ta ɗauke ido daga Sedick ba. Ta ce shekara hamsin da huɗu tana zaune a motar nan ta bayan garke. A ciki ta haifi 'ya'yanta, a ciki ta aurar da su, saura autanta. Ba ta taɓa tsorata makiyayi ba, ba ta taɓa shafar tunkiya ba. Sai ga mutum da almuru, ba sallama, ba bisimilla, yana fito, ya kwashe ƙofofi da gilashi ya bar su a sarari. Wata biyu bayan nan dusar ƙanƙara ta sauko daga duwatsu, ta kwana uku tana shiga inda ƙofa take a da. Yaron bai ga bazara ba.

"Ban sani ba," Sedick ya ce. "Wallahi ƙarfe na gani, ƙarfe kawai."

"Ni ma nama na gani, nama kawai," in ji ta. "Yadda ka yi wa gidana haka nake yi wa naka. Ka kunna abin da ka sata, in kashe irinsa. Na jira ka shekara shida, sai da ka goge, ka shafa fenti, ka so ta kamar ranka. Saura injin gidanka. Ka san abin da yake bugawa a ƙirjin ɗiyarka."

Galiema ta rungume yarinyar ta baya tana salati. Imam ya ƙara turare, ya matsa yatsan har aljanar ta yi tsaki.

"An zalunce ki, ban musa ba," ya ce. "Amma yarinyar nan me ta yi miki?"

"Nawa ɗan me ya yi masa?"

"Babu. Sai dai kin ce kina sallah. Wanda kike yi wa sallar ya ce wani ba ya ɗaukar laifin wani. Ko in karanto miki, ko kin tuna?"

Ta kawar da kai. Sun daɗe suna ja-in-ja, ita tana neman rai, shi yana hana ta, in ta taurare ya koma karatu, in ta yi laushi ya lallashe ta kamar ƙanwarsa. Daga ƙarshe ta faɗi sharaɗinta. Duk abin da aka ciro daga motarta a mayar, da hannun wanda ya ciro, kowane a mazauninsa, kafin magaribar Alhamis mai zuwa. Abin da ya koma, ta saki irinsa.

"Hon ɗin ya fi komai," ta ce, nan ne kaɗai muryarta ta karye. "Akwai wani siririn faifan ƙarfe a cikinsa. In iska ta taso, yarona yakan shiga ya yi waƙa da shi. Muryarsa tana jikin faifan. Ita kaɗai ta rage mini."

Imam ya juya ya fuskanci Sedick da kunnensa mai ji.

"Ka ji. Yanzu ake gyara magana, ba gobe ba. In akwai abin da ya ɓata ko ya lalace, faɗi, mu nema masa fansa tun tana zaune. Komai yana nan?"

Abin da ba mu sani ba a lokacin, sai daga baya ya faɗa da bakinsa, shi ne faifan nan babu shi. Shekara uku da suka wuce ya buɗe hon ɗin, faifan ya ruɓe a hannunsa kamar busasshen ganye, ya share garin ya zuba a shara, ya yanko sabo daga jikin tsohon zarto. Ya dubi ɗiyarsa. Ya ce a ransa in ya faɗi gaskiya, matar nan za ta riƙe muryar har abada, wataƙila ta haɗa da ran. Wata zuciyar kuma, ta gwanin da alƙalan bikin tsofaffin motoci ba su taɓa bambance aikinsa da na asali ba, ta ce masa ai wannan ƙaramin abu ne.

"Komai yana nan, Imam."

"Ka tabbata?"

"Komai yana nan."

Fuskar Shamiela ta yi wani murmushi da ban so in sake gani. Ni dai har gobe ina ganin matar nan ta san amsar kafin a yi tambayar.

"Na ji," ta ce. "Tela, ka zama shaida. Abin da ya ba ni, irinsa zan ba shi. Na rantse da wanda ya halicce ni daga wuta, in na karɓa na tafi, ba ni ba gidan nan, ba ni ba zuriyarsa, ko sun kira ni ba zan amsa ba."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Ƙafafun suka yi ɗumi a hannuna, amma ba su motsa ba.

Kwana biyar aka yi ana kwance abin da aka shekara shida ana ɗaurawa. Tsofaffin ƙungiya suka zo da akwatunan kayan aikinsu, ba wanda ya yi gardamar fenti. Oom Frikkie, ƙaton mutum mai jan wuya, yana riƙe da fitila kamar jariri yana share hanci da kafaɗa. Galiema tana tsaye a kansu da tsofaffin barguna, kowane ƙarfe sai ta naɗe shi da hannunta.

"A hankali, Oom," takan ce. "Idon ɗiyata ne a hannunka."

Hon kuwa Sedick bai bar kowa ya taɓa ba. Ya kulle kansa a gareji ya ciro faifan da ya yanka. Ya jiƙa shi a ruwan tsami da gishiri, ya gasa shi, ya binne shi a gindin bishiyar gwaiba kwana uku yana yi masa ban ruwa. Da ya tono shi, ya bi gefensa da allura yana yi masa ƙananan ramukan tsatsa, ya shafa masa jar ƙasar Karoo da ya kankaro daga cikin sifirin. Ya ce da ya ɗaga shi a hasken taga, shi kansa sai da ya yi shakka. Aiki ne na gwani, Allah ya isa.

Ranar Laraba suka ɗaura tirela a bayan motar Oom Frikkie suka kama hanya. Mu kuma Alhamis tun safe muka cika falon Galiema, mata sun fi goma, kowa da carbinta. Can wajen azahar, Shamiela ta motsa yatsun ƙafa, ta tashi, ta dafa bango ta taka. Muka san ƙafafun gaba sun koma. Bayan la'asar ta ƙifta ido, ta dubi uwarta, ta shafa furfurar da ta fito mata a sati uku. Aka fashe da kuka. Sai jira ya dawo, inuwa tana tsawo a tsakar gida, kowa yana satar kallon agogo. Saura kaɗan a kira sallah, yarinyar ta yi gyaran murya.

"Oemie," ta ce da uwarta. "Ƙishirwa nake ji."

Gidan ya kaure. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta faɗi ta yi sujada, aka aika a sayo koesister, soyayyen fulawarmu mai zaƙi, a raba wa layi. Shamiela tana ta magana, tana gode wa kowa da sunanta, muryarta garau, mai daɗi. Ni ma na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Sai da na je miƙa wa Galiema kofin shayi na ga ba ta cikinmu. Tana zaune a gefen kujera, ruwan da ta ɗebo wa ɗiyarta yana hannunta, ta karkatar da kai tana sauraro.

Da hantsin Juma'a Sedick ya dawo, ƙura har gira, akwatin kayan aiki a hannu. Shamiela ta fito da gudu da ƙafafunta.

"Boeya! Sannu da hanya, Boeya."

Mutumin da yake gane ciwon injin daga ƙarshen layi, da jin muryar ya san ba tata ba ce. Akwatin ya faɗi, sufanu suka watse a siminti. Ya tsaya yana kallon bakinta.

Galiema ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya tsakaninsu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗiyata tun ƙyandar da ta yi tana shekara huɗu muryarta take da ɗan kaushi. In ta ce Oemie, ƙarshen yakan karye. Ni na yi jinyar, ni na san wurin. Wannan ba ta karyewa, Sedick. Sumul take, kamar sabon fenti. Me ka kai wa matar nan?"

Nan a tsakar gida, gaban Oom Frikkie, gabana, ya durƙusa ya faɗi komai, har ruwan tsamin, har gindin gwaiba. Shamiela tana jingine da bango tana ji. Da ya gama ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Da ma tun jiya nake son in tambaya," ta ce a hankali. "In na yi magana, sai in ji kamar wata ce a bayana take faɗa. Na ɗauka rashin sabo ne."

Aka koma Macassar a ranar. Imam Toyer ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Sau biyu na tambaye ka," ya ce. "Da ka ce ya ruɓe, da na kama ta da rantsuwarta ta sallah. Uwa ce, kuka take nema a taya ta. Da rago ne, da azumi ne, da ka je ka tsaya inda yaron ya mutu ka nemi gafara. Da mun daidaita, ko da wuya."

"A sake kiran ta, Imam. Ko raina take so..."

"Da me zan kira ta? Ba ta jikin yarinya, ba ta gidanka. Ta rantse ba za ta amsa ba, kuma ka gani da idonka, ita ba ta karya magana."

Bai haƙura ba. Sau huɗu yana komawa Karoo shi kaɗai. Yakan tsaya gaban motar bayan garke tun la'asar, ya yi sallama, ya faɗi laifinsa da ƙarfi, ya roƙa har duhu ya rufe shi. Mai gonar ya ce tumaki ma yanzu a cikinta suke kwana, abin da ba su taɓa yi ba. Babu kowa a wurin.

Jifa bai sake sauka a layinmu ba. Shamiela ta koma aiki, marasa lafiya suna yaba daɗin muryarta. Tana magana da uwarta, tana magana da ni, tana ciniki da mai kifi a bakin ƙofa. Galiema tana dafa wa mijinta abinci, tana wanke masa kaya, amma ta hana a fitar da ragowar motar daga tsakar gida. Ta ce a bar ta nan kan bulo, ba ido ba ƙafa, inda zai gan ta duk lokacin da ya fito alwala.

Wata ranar Lahadi ina gidan, muna tsinke wake, ya zo ya tsuguna gaban ɗiyarsa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Wata bakwai ke nan ba ta ce masa ko sannu ba.

"Shamiela, ki zage ni ma na yarda," ya ce. "Ki dai ce mini wani abu. Ki ce Boeya, sau ɗaya."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, hawaye ne kawai. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da 'yar takarda, ta sa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai. Ya kasa karantawa, ya miƙo mini. Ni na karanta masa, Allah ya yafe mini.

"Na kira ku da wannan muryar sau ɗaya, na ga fuskarku. Wadda take ce muku Boeya tana wurin matar nan. Ku kuka ba ta."